Ramin Kwanar Kasuwa

A wani gari mai suna Sumul, ranar wata Laraba da hantsi, Tasallah tana surfen gero aka yi sallama aka ce mata mijinta Ilu ya faɗa ramin Kwanar Kasuwa da babur, ko shurawa bai yi ba. Ta ce ba dai Ilu ba. Shekara tara yana ratse ramin nan safe da yamma, ko an ɗaure masa ido zai kauce.

Ashe Babban Baƙo ake jira a makon, shi ya sa Majalisar Sai-Gobe ta tura Sarkin Faci ya gyara titi. Gyaran Sumul kuwa sananne ne. A ɗura buntun shinkafa a rami, a yayyafa ƙasa, a shafe da baƙin man inji har ya yi ƙyalli kamar kwalta. Baƙon ma ta sama ya wuce, a jirgi. Ilu ya hango baƙin titi shimfiɗe, ya yi hamdala, ya miƙe hanya.

Da ta fita takaba ta yafa mayafi ta tafi majalisa. Sai a zuwa na huɗu aka bar ta ta shiga.

"Ranka ya daɗe, ɗana Sallau ne ya gaji babur ɗin, kuma hanyar nan yake bi. Shi kaɗai ya rage mini. A taimaka a cike ramin."

"Wane rami kuma, baiwar Allah?" in ji Sarkin Faci. Ya nuna mata hoton bango, ga shi nan da almakashi yana yanka ƙyallen buɗe titi. Ya ce kwamiti ya zauna ya gano laifin na marigayi ne, don duk haifaffen Sumul ya san titin da aka gyara na kallo ne. "Mutum da hankalinsa ya ga aikinmu ya yarda? To, Allah ya jiƙansa."

Tasallah ta dawo gida ta ɗauki kwano. Kullum sai ta tsinto duwatsu da fasassun bulo ta juye a ramin, mata masu awara suna taya ta. Kafin sati uku ya kusa shafewa.

Majalisa ta kira zaman gaggawa. Wani ɗan majalisa ya tambaya, in mata suka ƙarar da ramuka, me za a ƙaddamar baɗi? Nan take aka yi doka cewa rami dukiyar gari ce. Aka turo leburori suka kwashe duwatsun, aka ƙirƙiro muƙamin Mai Gadin Rami, da kaki da hula da benci. Don nuna alhini, aka ba Sallau, bisa sharaɗin ya ajiye babur. Sarkin Faci da kansa ya aiko a gaya mata buƙatarta ta biya, ɗanta ya bar hawa titi.

Har yau, in ta idar da sallar asuba gari ya waye, takan ɗauki dutse guda ta taka zuwa Kwanar Kasuwa. Sallau ya sauko daga benci ya durƙusa.

"Ina kwana, Inna."

"Lafiya lau. Ka karya?"

Ta jefa dutsen a rami ta juya. Yaron kirki ne, ba ya shiga ramin ya fitar da dutsen sai ya ga ta sha kwana.