Ƙugiyar da Ta Cinye Kaji Tara

Wani ne a Matameye, irin mutanen nan da ba a gama yi musu bayani sai su ce sun gane. Aji huɗu ya yi a lakwal, kuma tun daga nan bai ƙara yarda akwai wanda ya fi shi karatu ba.

Ran nan matarsa Jannatu ta ce tumatir ya yi tsada a kasuwa.

Ya ce, "Tumatir ɗin banza? Wata uku na ba ki. Daga nan kin bar sayen tumatir har abada."

Bai tsaya nan ba, sai da ya je majalisa ya maimaita a gaban mutane. Cikin masu ji har da maƙwabcinsa Illa, wanda ya shekara ashirin yana lambu bai taɓa yi wa kowa alkawarin tumatir ba.

Ya dasa gindi goma sha biyu a bayan ɗaki. Ya kafa doka: kada ƙazantar kaji ta matso kusa da shukarsa. Gidan akwai kaji tara, Jannatu ke kiwonsu tun suna 'yan tsaki. Ya ce kullum ta share kashinsu ta watsa bayan katanga. Bayan katangar nan kuwa, nan Illa ya yi fangalin nasa tumatir. Illa ya ga abin da ke saukowa kowace safiya, ya riƙa kwashewa yana sa wa tumatirinsa.

Ran kasuwa mutumin ya nufi rumfar mai takin zamani. Mai taki ya buɗe masa buhu biyu.

"Wannan farin ure ne, ganye yake sawa. Wannan kuma kanz-kanz-kanz, shi masu tumatir suka fi ɗauka."

"Me ya sa ake ce masa haka?"

Mai taki ya nuna masa jikin buhu, inda aka rubuta 15-15-15, don kanz sha biyar ke nan da Faransanci. Lambobin nan kason sinadarai uku ne da ke cikin takin, kuma ya buɗe baki ke nan zai faɗa, mutumin ya ɗaga masa hannu.

"Tsaya, tsaya. Ni ba baƙauye ba ne. Ai haka likita ke rubutawa a jikin magani. Sha biyar da safe, sha biyar da rana, sha biyar da dare."

"A'a Malam, ai shi..."

"Abu ɗaya zan tambaye ka. Kafin a ba su ruwa, ko bayan sun sha?"

Mai taki ya dube shi, ya dubi mutanen da ke jira a bayansa.

"Yadda ka ga ya fi, Malam. Kilo nawa?"

Daga ranar gidan ya koma asibiti. Da safe ya sa tabarau, ya tsuguna, ya ƙirga ƙwaya goma sha biyar ya danna a jikin karan kowane gindi, don kada maganin ya yi nisa da majiyyaci. In ƙwaya ɗaya ta faɗi, ya soma daga farko. Ran da ya manta da na rana, sai ya haɗa musu talatin da magariba.

Jannatu ta ce, "Maigida, Illa fa da hannu na ga yana barbaɗawa, nesa da gindi, sau ɗaya a wata."

"Illa ya taɓa shiga aji?"

Kwana goma sha biyu, ganyen ya fara ƙonewa daga baki. Gindi uku suka kwanta. A majalisa aka fara tambayarsa yaya masu jiki.

Ya karɓo lambar Hashimu malamin gona, ya kira shi. Hashimu yana wajen taron manoma a Icirnawa, magana ba ta fita sosai. Ya saurari abin da ya samu ji, ya ce zai turo saƙo. Can sai ga saƙo ya shigo:

"Ka bar kirga kwaya. Ka nemi kashin kaji busasshe, ka binne kadan a gefen kowane gindi, ka ba su ruwa sosai."

Ya karanta sau uku. Ya kira Jannatu.

"Kin gani? Ƙashin kaji."

"Karanta mini dai." Ya karanta. Ta ce, "Anya ba kashi yake nufi ba? Wanda nake sharewa?"

Ya yi dariya irin ta mai tausayin jahili.

"Zo ki ga. Wayarsa ba ta da harafi mai ƙugiya. Nan ya rubuta kirga, ai ƙirga yake nufi. Nan kwaya, ƙwaya ke nan. Nan kadan, kaɗan. To kashi fa? Ƙashi! Ke a ganinki mutumin da gwamnati ta tura ya yi karatun noma zai zauna ya rubuto mini ƙazanta a waya?"

"To ka sake kiransa mana."

"In kira shi ya ɗauka ban iya karatu ba?"

A ranar aka yanka ta farko, wata ja mai yawan ƙwai. Jannatu ta soya, amma ta rantse ba za ta sa a bakinta ba. Bai matsa mata ba. Ya ce dama aikin na buƙatar natsuwa, don dole a tsotse ƙashin tas, kada maiƙo ya ɓata magani. Ya zauna shi kaɗai ya yi aikin. Ya shanya ƙasusuwan a kan rufin ɗaki, tunda an ce busasshe. Da suka bushe ya binne: cinya ga manyan gindi, fiffike ga ƙanana.

Kaza ɗaya ba ta zaga gindi tara ba. Ya yanka ta biyu. Ganye bai farfaɗo ba, ya ce ƙila na zakara ya fi ƙarfi. Aka kayar da zakaran gidan. Kafin sati uku akurki ya koma wajen ajiye tsintsiya. Tumatir na ramewa, maigida na ƙiba. A majalisa aka ce masa lallai takin na aiki, sai dai ba a gindin da aka nufa ba. Ya ce hassada ce.

Ran Juma'a ya dawo daga masallaci ya tarar da karnukan unguwa uku a bayan ɗaki. Sun tone duk inda ya binne ƙashi. Gindi biyu kawai suka rage a tsaye, su ma sun karkace.

Yana tsaye yana zagin karnuka da iyayengijinsu, sai ga sallama. Hashimu ne ya dawo gari ya biyo ya ga aiki. Illa na biye da shi, riƙe da kwano cike da tumatir, jajaye, kowane ya cika tafin hannu.

Illa ya miƙa wa Jannatu kwanon.

"Ga shi Jannatu, a sa a miya. Amma lafiya kwana biyu ba a zubo mana ta katanga ba? Ko laifi muka yi?"

Hashimu bai ji wannan ba. Ya tsuguna a bakin rami, ya tsinci wani abu, ya juya shi a hannu.

"Malam, wannan fa?"

"Ƙashin wuya ne. Na zakara."

"Me yake yi a nan?"

Mutumin ya zaro waya, ya buɗe saƙon, ya kai masa har hanci.

"Ba kai ka rubuto ba? Na bi umarninka harafi da harafi. Har wanda ka manta ka sa wa ƙugiya, ni na sa masa."

Hashimu ya karanta. Ya dubi ƙashin, ya dubi Illa. Illa ya juya baya, kafaɗunsa na rawa.

"Kashi na ce, Malam. Kashi! Abin da kaza ke yi in ta ci ta ƙoshi."

"To me ya sa kirga ta zama ƙirga, kashi ba zai zama ƙashi ba? Ku ma'aikata ku riƙa tsayawa kan magana ɗaya."

Hashimu ya share fuska da hannu. Ya daure, don ya saba da manoma iri-iri.

"Shi ke nan, abin da ya wuce ya wuce. Biyun nan za su iya tashi. A ɗebo mini kashin daga akurki yanzu, in nuna maka yadda ake sawa. Ina kajin?"

Mutumin ya yi gyaran murya, ya shiga gyara hula.

Jannatu ta ajiye kwanon tumatir, ta nuna tumbin mijinta da baki.

"Ga su nan, Malam, su tara har da zakara. In kashinsu ake nema, sai dai ya je ya tsuguna a gindin tumatir ɗin da kansa: safe, rana da dare."