Yadda Za Ki Sauko da Mijinki Daga Kan Dutse Ranar Bikin 'Yarku

Ke da kike hasashen yanayi a gidan hangen taurari, mijinki kuma shi ke juya madubin a ƙololuwar dutse, ki bi matakan nan. Na ba ki tabbacin zai halarci bikin cikar 'yarku shekara ɗaya. Na gwada a kan mijina Kaleo, ya zo har da rigarsa mai furanni.

1. Kar ki roƙi shugaba.
Zai ce miki wata farfesa ta shekara tana jiran a ba ta madubin a wannan daren. To, 'yarmu Nohea ma shekarar ta yi tana jira, kuma ita nata ba ya dawowa.

2. Kar ki ce gajimare.
Kuskuren sababbin shiga ke nan. Gajimare wucewa yake, sai a ce Kaleo ya zauna a can ko sama za ta washe. Ki ce laima za ta taru kusa da ƙasa, raɓa ta jiƙa madubi, sannan ta daskare a kan hanya. Da an ji ƙanƙara, kowa zai gangaro tun la'asar.

3. Ki riƙa cewa "mai yiwuwa".
Uwa ba ta ƙarya. Komai kuwa mai yiwuwa ne.

4. Ki gayyaci farfesar.
Baƙuwa ce a tsibirin nan namu, ba ta san kowa ba, bai dace a bar ta ita kaɗai ba. Ki zaunar da ita tsakiyar rumfa, ki cika mata faranti da tuwon gwaza da kifi, ki ɗora mata yarinyar a cinya. Mai riƙe da jariri ba ya ɗaga kai.

5. Ki sa wa surukarki ido.
Nan na yi sakaci. Surukata, Kaka Pualani, ta leƙa waje, ta kira jama'a su fito su ga yadda aka wanke wa jikarta sama, ko ɗigon hazo babu. Farfesa ta fito da Nohea a kafaɗa, ta daɗe tana kallon taurari, sannan ta tambaya ko ni ce mai hasashen. Na amsa ƙasa-ƙasa.

Ta ce, "Ita kaɗai ce, ko akwai ƙani a hanya? Ina so in san watan da zan kauce wa baɗi."

Gargaɗi: in aka kira ki ofis ranar Litinin, ba ki san ni ba, ni ma ban san ki ba. Haka in kika ga duk hasashen da kika miƙa sai shugaba ya leƙa taga kafin ya karɓa, wannan tsakaninku ne.