Motar Gunvor da Zagayen Alhamis

"Lafiya lau, Sixten, sai dai gwiwa. Kai fa? Wa kuma ya jingine maka wannan sanda a bakin ƙofa?"

Gunvor ce ke gaishe ni ta tagar mota, tun ba ta kashe injin ba. Sandar kuwa jikanta ne, Melker, ɗan shekara goma sha biyar, dogo siriri. Tun ƙarfe goma ya iso gidana a kan keke yana jiran ta, domin makon hutun makaranta ne na ƙarshen Oktoba.

Shekara talatin da ɗaya Gunvor ta yi tana raba wasiƙu a ƙauyukan dajinmu, daga bayan garin Torsby har kusa da iyakar Norway. Ashirin na ƙarshe a cikin wannan shuɗiyar mota ta yi su, mai sitiyari a hannun dama don hannu ya kai akwatin wasiƙa ba sai an sauka ba. Da ta ajiye aiki ba ta ajiye hanyar ba, ta dai mai da ita ranar Alhamis kaɗai, kuma ba wasiƙa. A da gidaje ɗari da arba'in ne. Yanzu waɗanda hayaƙi ke tashi a kansu tara ne, nawa ne na biyar. Ƙarfe goma sha ɗaya take isowa. Nakan ɗora kofi tun goma da rabi, ba don komai ba.

Ranar Litinin ɗin makon ne masu binciken lafiyar motoci suka ba ta wata ɗaya: ko ta gyara, ko motar ta bar titi.

"Sannu da zuwa, Farmor," in ji Melker, da sunan da yaranmu ke kiran kakarsu ta wajen uba. "Tun kina gangaren coci muke jin ki. Na zaci jirgin yaƙi ne ya ɓata hanya."

"Motar gaisuwa take yi. Ita tana da tarbiyya. Kai kakan shigo gidan mutane ko tari ba ka yi."

"Salansa ce ta huje."

"Bakinka ma a huje yake, an kai ka wurin 'yan gwangwan?"

Ta fito a hankali, ta dafa rufin motar, ta zo ta zauna a bencin da ke jikin bango inda rana ke ɗan taɓawa. Na kawo kofi da burodin kirfa. Yaron ya ɗauki biyu.

"Ina takardar?" ya ce da cikakken baki.

"Wace takarda?"

"Wadda masu bincike suka ba ki. Baba ya ce ta fi jerin sunayen 'yan ajinmu tsawo."

"Ajin naku mutum bakwai ne, har da malamar."

"To ke abu goma sha ɗaya aka rubuta miki."

"Wani yaro ne da ko gemu bai haɗa ba ya shiga ƙarƙashinta da guduma. Ya buga, ya huda, ya fito yana murna. To wa za a buga wa guduma a ciki ya ƙi hujewa? Kawo naka cikin in gwada."

"Tsatsa ce, Farmor. Gishirin da ake watsa wa titi lokacin sanyi ya gama da ita. In kika ɗaga tabarmar ƙafa kina ganin kwalta tana wucewa."

"Da haka nake sanin ina tafiya."

"Kilomita dubu ɗari biyar da sittin fa! Da sama ta nufa da tuni ta kai duniyar wata, ta sha ruwa, ta kamo hanyar gida."

"To ka ji da bakinka. Kai ina ka taɓa zuwa? Daga gado sai firiji, daga firiji sai gado."

Ya yi dariya har gutsurin burodi ya faɗo masa. Na ƙara mata kofi. Ta laluba kofin da yatsa kafin ta ɗauka.

"Baba ya ce kin je kin ga sabuwar," in ji shi. Patrik yake nufi, ɗanta, wanda ya samo mata wata ƙaramar farar mota mai aiki da lantarki.

"Na gan ta. Sabulu da tayoyi. Na shiga, ta yi mini ƙara don ban ɗaura bel ba. Na matsa gefen hanya, ta yi ƙara. Na ja baya, ta yi ƙara. Shekara arba'in da shida ina da wanda ke yi mini wannan aikin kyauta, na binne shi da mutuncinsa. Ba zan je in sayo wani ba."

"Tana da ɗumi a kujera."

"Ina da wando."

"To ya za a yi?"

"Gyara za a yi. A liƙe inda ya huje, a ɗaure inda ya saki. Haka aka yi wa ƙuguna, ga ni nan."

"Ƙugun naki ma ƙara yake yi a gangare."

Ta kai masa duka da safar hannu, ya kauce ba tare da ya tashi ba. Sannan ya share bakinsa, ya gyara zama. Na gane ya zo ga abin da ya hau keke kilomita goma sha biyu dominsa.

"Ki ba ni ita," ya ce.

"In ba ka me?"

"Motar. In yi mata waldar da kaina, in mai da ita tarakta."

Dokar Sweden ta yarda ɗan shekara goma sha biyar ya tuƙa tsohuwar mota in an cire mata kujerar baya, an ɗaure injin kada ya wuce kilomita talatin a awa, an manna mata jan allo mai kusurwa uku a baya. A takarda sunanta tarakta. Yaran karkara duk da su suke yawo.

Gunvor ta ajiye kofi. "Wato kai ma za ka shiga sahun masu tare mana hanya da kiɗa kamar ana rushe gini? Motar da ta yi wa gwamnati aiki ka rataya mata jan allo a gindi? Talatin! Ka mai da ita kunkuru?"

"Farmor, yaushe rabon da ki wuce talatin? Makon jiya fasto ta wuce ki a kan keke, da kwandon dankali a gaba."

"Na bar ta ne don girmamawa."

"Har ta juyo ta tambaye ki ko man ne ya ƙare."

"Kuma ka cire kujerar baya? Ka san wa ya kwanta a kanta? Uwarka, cikin dusar ƙanƙara har gwiwa, ranar da ka matsa sai ka fito. Motar asibiti ta maƙale, ni na kai ta. Da na san abin da zai fito, da na rage gudu."

"In kika rage daga wannan ai baya za mu koma."

Ta yi dariyar da ba ta yi niyya ba, ta rufe baki da hannu. Shi kuma bai yi ba. Ya juyo gare ni.

"Sixten, me ya sami akwatin wasiƙarka? Na ga turken sabo ne."

Na ce iska ce.

"Na watan Agusta ma iska ce?"

Na ce bana an yi iska.

"Iska mai shuɗin fenti," in ji shi.

Na duba cikin kofina. Tsofaffin turakun biyu suna bayan rumbun itace, na juya gefen fentin yana kallon bango. Ban san yaron ya zagaya can ba.

"Akwatin ne ya fito hanya," in ji Gunvor. "Tun ina aiki nake gaya masa ya matsar da shi."

"A watan Yuli da na raka ki zagaye," in ji Melker, muryarsa ta sauka, "na ji kina ƙirge. Daga gadar katako, goma sha bakwai, sai ki karya dama. Daga tsohon injin yanka katako, ashirin da biyu, sai birki."

"Waƙa nake yi."

"Ba ki iya waƙa ba, kowa ya sani. Ɗazun nan ma da kika ce sanda, ba zolaya ba ce. Sai da na yi magana kika gane ni."

Wasu dinyoyin daji suka bi ta kan tafki sun nufi kudu suna kuka. Gunvor ta ɗaga kai wajen sautin, ta daɗe a haka, har bayan sun ɓace.

"Tsakiyar idon ce ta dushe," ta ce. "Gefe-gefe ina gani. Wannan motar kuwa na san faɗinta kamar kafaɗata. Na san ƙarar da take yi a kan kowace gada. Waccan farar ba ta san kowa ba a dajin nan."

"Ko an liƙe mata ƙarfe sabo, idon ba a walda yake ba, Farmor."

"In ubanka ya ji, ɗaki zai kama mini a Torsby. Hawa na uku, taga tana kallon wurin ajiye motoci." Ta juya kofin a tafinta. "A gidajen zagayen nan, Majken takan ɗaga labule in ta ji ni, da haka nake sanin ta tashi. Elof ba ya aske gemu sai ranar Alhamis. Akwai gidajen da ba kowa, amma nakan rage gudu. Gidan 'yan Nyberg har yanzu itacen tuffa yana zuba, ba mai tsinta." Ba ta ambaci gida na biyar ba. Na tashi na kakkaɓe gutsurin burodi daga benci, ko da yake ba su da yawa.

"Ban gaya wa Baba ba," in ji Melker. "Wata uku ke nan. Amma tun makon jiya an fara ganin yaran Somaliyawan nan da suka kama gidan kusa da gada suna jiran bas a bakin hanya. Su ba sa cikin ƙirgenki."

Hannunta ya tsaya a kan kofin.

"Kujera biyu ake bari a gaba," ya ci gaba. "Ɗaya tawa, ɗaya ta wata tsohuwa mai surutu. Alhamis ina makaranta. Asabar ba ni da aiki."

"Kilomita casa'in da biyu ne zagayen. A talatin? Kafin mu kai gidan Elof gemun ya sake tsirowa."

"Sai ya yi aski biyu."

"Kofi tara ake sha, kuma ba a ƙi."

"In da burodi zan jure."

"Sitiyari na dama, ka sani? Tagar da mutane ke zuwa taka ce. Kai da gaisuwarka ba ta wuce ɗaga gira ba. Majken za ta ba ka labarin ƙafarta tun daga shekarar da ta karye, kuma sai ka tambaye ta ɗayar."

"Sai ki koya mini. Ai ba abin da kike yi sai magana."

"Ji mini ɗan banza. A ina ma za ka yi waldar? A ɗakin kwananka?"

Suka juyo wajena su biyu. Na ce rumfar bayan gida tana nan, ba komai a ciki sai tsohon kwalekwale, kuma injin waldana bai manta aikinsa ba. Na ce aikin zai ci makonni, kuma zai so a riƙa zuwa ana duba shi.

"Dole in zo," in ji Gunvor. "In na bar ku ku biyu, tayoyin a rufi za ku ɗaura."

Na ce haka ne.

Melker ya ciro waya daga aljihu. "To yau nan za ta kwana. Bari in kira Baba ya zo ya ƙarasa da ke gidaje huɗun. Zan ce masa ta mutu a ƙofar Sixten, ta ƙi tashi."

"Kada ka kuskura!" Ta miƙe tsaye, gwiwa ko ba gwiwa. "Shekara talatin da biyu, ashirin a aiki, sha biyu bayan na ajiye, sanyin da ke fasa itace, ba ranar da na murɗa ta ta ƙi amsawa. Yau ka yi mata ƙazafi a gabanta?"

"To me zan ce masa?"

Ta tsaya tana fuskantar motar. Injin yana ɗan ƙas-ƙas yana hucewa.

"Ka ce masa ni ce na ƙi tashi," ta ce. "Sauran ni zan gaya masa da bakina."

Ta sa hannu a aljihun rigar sanyi, ta ciro makullin, ta cilla masa. Ya faɗi cikin ciyawa, taku biyu hagu da inda yake tsaye. Melker ya je ya sunkuya ya ɗauka, ya goge shi a wandonsa, bai ce uffan ba.

"Af, ka yi shiru?" in ji ta. "Ba ka da lafiya ne?"

"Tara miki maganar nake yi," ya ce. "Casa'in da biyu a talatin, ina buƙatar abin faɗa."

Ta fashe da dariya har sai da ta dafa kafaɗata, ta ce in ƙara ɗora kofi, Patrik ba ya sauri.