Golan da Na Goge

Na daɗe ina tara katunan 'yan ƙwallo, irin waɗanda ake samu cikin cingam a da. Rannan maƙwabcina Bitrus ya yarda muka yi musaya: na ba shi katunan 'yan wasan gabana kaf, ya ba ni wani gola mai ƙyalli da na yi shekaru ina nema. Na ce wannan sai an liƙe shi da leda kamar takardar makaranta.

A shagon laminatin na unguwar Fadaman Mada na tsaya ina nazarin injin. Wai me ke cikinsa ne? Zafi ne kawai da leda. Ai ina da su a gida!

Na shimfiɗa ledar burodi a kan katin, na danna dutsen guga. Da na ɗaga, kati fari fat.

"Baban Amira, me ke ƙauri?" in ji matata.

"Bincike nake yi."

Washegari na goge farar rigata da dutsen nan a gurguje na fita. Bitrus ya biyo ni, ya ƙura wa bayana ido.

"Maƙwabci, ai golana ne wannan!"

Har yau in na doso majalisa sai a ce, "Ku juya mana shi mu gaisa da gola."