Shawarar da Na Ba Kawu a Guangzhou

Shekarar da aka yi gasar Olamfik a China na ji an cire haraji kan ajiyar banki a can. Nan take na zama masani. A gidan abinci, gaban 'yan kasuwar Kano, na gyara zama na fuskanci Kawu Sani, tsohon malamin firamare da ya zo sarin takalma da ɗan fanshonsa.

"Kawu, ku bar takalman nan, ku zuba kuɗin a banki. Ba haraji."

Ya ajiye cokali. "Harajin me aka cire, ɗana?"

"Na kuɗin ruwa."

"Ruwan da ban taɓa ci ba?"

Har mai kawo shayi ta yi dariya, ita da ba ta jin Hausa.

Allah Ya rufa min asiri, Kawu ya sari takalmansa, suka ƙare kafin Babbar Sallah. Har yau in na shiga kasuwa sai wani ya miƙe ya ba ni kujera, wai Gwamnan Banki ya iso.