Rasuwar Jitar Malam Maliki a Hannun Masassaƙin Jirgi

Da zuciyar da baƙin ciki ya cika har ya tumbatsa, Malam Maliki Hammadu, malamin aji shida a nan Yelwa, yana sanar da 'yan uwa da abokan arziki na Yauri, Ngaski da Shanga, da duk inda labari ke kaiwa a Jihar Sakkwato, rasuwar jitarsa. Ta rasu ranar Talata da hantsi a bakin ruwa, tana da shekara tara a hannunsa, bayan gajeruwar jinya wadda maganinta ya fi cutar ƙarfi.

Marigayiyar 'yar babban gida ce. An ƙera ta a ƙasar waje, da wani katako da Malam Maliki kan lanƙwasa harshe kafin ya faɗi sunansa. Sun haɗu a wani kanti a Kaduna a 1979, kuma duk wanda ya taɓa zama a majalisar ƙofar gidansa ya haddace labarin wannan rana. Jita bakwai mai kanti ya sauko masa da su, dukansu na manya. Ta farko, in ji shi, murya gare ta irin ta mai mura. Ta biyu wuyanta tabarya ne, hannu ba ya zagaye shi. Ta uku tsirkiyarta ta yi tsayi, sai yatsa ya kusa yin jini kafin ta amsa. Ta huɗu da ta biyar surutu ne ba nauyi, ta shida kuwa kyau kawai Allah ya ba ta. Da ya zo kan ta bakwai, ya ƙwanƙwasa cikinta yadda ake gwada ƙwarya a kasuwa, ya ja tsirkiyar sama da babban yatsa. Ta ce "dummm", ta riƙe sautin ba ta saki ba har mai kanti ya gama hamma. Nan take ya ce a sa masa ita a akwati.

Abin da labarin bai taɓa kaiwa ba shi ne, wannan "dummm" ɗin shi ne duk kiɗan da Malam Maliki ya iya, daga ranar har yau. Ba don bai gwada ba. Ya sayo littafin koyo, ya rufe ƙofa, yatsu suka ce ba da su ba. Kafin ya ankara Yelwa ta riga ta naɗa shi gwani, don ai mutumin da ya raina jita shida a zama ɗaya ba ƙaramin makaɗi ba ne. Shi kuma bai ga dalilin ƙaryata jama'a ba. In an ce ya ɗan taɓa da damina, sai ya ce danshin tafki zai shiga katakon. In da rani ne, zafi zai tsinke tsirkiya. Matarsa Tamada kaɗai ta san gaskiya, Allah kuwa ya yi ta mai riƙon baki.

Saboda haka kowa zai shaidi marigayiyar da kawaici. Ba ta taɓa hana maƙwabci hutawa ba, ba a kuma taɓa jin ta yi kuskure a waƙa ba, ko sau ɗaya.

Ciwon ajali ya fara ne da zuwan Ɗahiru, jami'in gona da aka turo daga Sakkwato. Ya zo da tasa jitar mai tsada, kuma, abin takaici, ya iya kaɗa ta. Majalisa ta rabu biyu, musu ya yi zafi, har aka tsayar da magana: ranar Asabar bayan la'asar, a filin makaranta, kowa ya kaɗa tasa a ji wadda ta fi murya da daɗin hannu. Malam Maliki ya amsa da murmushin manya, ya shiga gida ya rufe ƙofa. Girman shekara tara ne zai zube, a gaban ɗalibansa da iyayensu.

Sai ya tuna da wata tsaga a ƙugun marigayiyar, siririya kamar gashi, wadda ta daɗe a wurin ba ta dame kowa ba. Jitar da ke wurin gyara ai ba ta zuwa gasa. Ranar Litinin ya rungume ta, ya wuce kafintoci uku, don waɗannan suna iya gamawa a yini, ya nufi bakin ruwa wurin Dudu masassaƙin jirgi, inda kwalekwale kan yi wata guda yana jiran layi. Ya ce masa kada ya yi gaggawa ko kaɗan.

Dudu kuwa ya ji an girmama shi. Ya ture jiragen mutane gefe, ya duƙufa. Ya buɗe tsagar da kurfi don auduga ta samu wurin shiga, ya cusa, ya bi da kwalta mai zafi, ya ɗora fallen gwangwani ya jera ƙusoshi. Kuma da yake aiki ba ya barin hannunsa sai an gwada, washegari tun da safe ya ɗora ta a kan ruwa, ya aza mata dutse, ya aika a kira mai ita.

"Malam, wagga ta gyaru," in ji Dudu. "Na iske wani ƙaton rami tsakiyar cikinta, shi ma na toshe shi da katako. Wanda yas sassaƙa ta bai san ruwa ba. Yanzu ko garin Wara za ka da ita ta ruwa, ɗigo ba ya shiga."

Malam Maliki ya tsamo ta, wuya ya karkace, baya ya kumbura. Ya ja tsirkiyar sama. Ta ce "tuf". Wannan ce kalmarta ta ƙarshe. Ya zauna a kan rairayi ya yi kuka, kukan gaske, don yana son ta, kullum da safe sai ya goge ta kafin ya karya. Kuma ya san ba Dudu ne ya kawo ta bakin ruwa ba.

Ta rasu ta bar akwati mai shimfiɗar jan ƙyalle, da tsirkiyoyi shida na ajiya da ba a taɓa kwance su ba, da tsumman goge ta, da littafin koyo wanda daga shafi na huɗu zuwa ƙarshe yake sabo fil. Ta kuma bar sunan cewa ba a taɓa kayar da ita ba, abin da ya ɗan sanyaya wa mai rashi zuciya, har ya iya cin tuwo ranar Laraba.

A ranar ne Ɗahiru ya zo ta'aziyya, ya tarar da majalisa cike. Ya riƙe hannun Malam Maliki da hannu biyu, idonsa ya kawo ruwa, ya ce, "Malam, irin wagga ba a rufe ta shiru. Ga tawa nan, kai za ka kaɗa mata bankwana da hannunka." Majalisa ta yi ta sa masa albarka. Hedimasta ya ce ɗalibai duka za su fito, tunda dama an riga an yi shirin benci.

Don haka za a yi jana'iza ranar Asabar bayan la'asar, a filin makaranta. Za a fara da kiɗan Malam Maliki, daga nan a kai marigayiyar makwancinta a gindin mangwaron bayan gidansa. An ware layin gaba don dattawa da masu ƙarancin ji. Wadda ta tafi ta huta. Tamada tana roƙon duk mai addu'a ya ajiye ta ga wanda za a miƙa wa jita.