Hular Yallaɓai Tana Bakin Aiki

Jama'a, ranar Talata na sha gumi, kuma ba zafin rana ba ne. Ni Cindo, tsaron shagon intanet nake yi a Samaru. Karatuna bai yi nisa ba, aikina in ba mutum kujera, in tayar da janareta.

A ƙarƙashin teburina akwai wata tsohuwar kwamfuta da muke kira Maigadi, don duk abin da zai shigo daga intanet ko ya fita, ta wurinta yake bi. A cikinta akwai wata manhaja, ɗan sa ido, mai nuna mini kujerar da ke shanye layi. To, ranar nan Maigadi ta tashi lafiya, ɗan sa ido ya ce atafau. Na kashe na kunna sau uku. Na hure ƙura. Har lallashinta na yi.

Layi kuwa sai jan ciki yake. Modupe, wata ɗaliba a kujera ta biyu, tana cike fom ɗin jarrabawa, ƙarfe huɗu za a rufe. In ya wuce ta, sai baɗi.

"Malam Cindo, shafin nan tun azahar yake juyi," in ji ta. "Ko in je in yi aure in dawo?"

"Yi haƙuri ƙanwata, wani ne ke shanye layin, mai tona shi kuma ya kwanta."

Na hau acaɓa zuwa Sabon Gari, na ɗauko Oga Ejike mai gyaran kwamfuta. Ya buɗe inda Maigadi ke rubuta duk abin da ya same ta, ya karanta layi biyu, ya kwashe da dariya.

"Cindo, yaya kake kashe ta?"

"Waya nake fizgewa, Oga. Ya fi sauri."

"Kai ne ciwon! Ɗan sa ido in ya kama aiki, yakan ajiye 'yar takarda a cikin kwamfutar cewa yana nan. In aka sallame shi da mutunci, ya ɗauke abarsa. Kai ka fizge waya, takarda ta zauna. Yanzu in ya zo ya gan ta, sai ya ce ai akwai mai aiki a ciki, ya koma."

Wannan tsari ai na san shi! Wata uku ina zarya zuwa wani ofis neman izinin kafa allon shago. Kullum hula na kan tebur, fanka na juyi, masinja na cewa, "Yallaɓai na nan, ya ɗan zaga ne." Allah ya ƙara wa hular nan lafiya, ba ta taɓa makara ba.

Ejike ya goge takardar, ɗan sa ido ya tashi, nan take ya nuna kujera ta bakwai. Na leƙa: wani babban mutum ne, kai ba hula, yana sauke fim ɗin kokawa. Sai a lokacin na gane fuskar. Ita ce a hoton bangon ofishin nan.

Na tsinke layinsa a hankali, na koma gefe. Fom ɗin Modupe ya shige huɗu saura kwata, ta yi tsalle.

Yallaɓai ya buga tebur. "Wane irin sakaci ne wannan? Ina mai kula da wurin nan?"

Na rusuna. "Yana nan, ranka ya daɗe. Ya ɗan zaga ne."

Na roƙi Ejike ya raka ni ofishin ya ɗauke hular, ko Allah zai sa wani ya kama aiki. Ya ce wannan gyaran ya fi ƙarfin sukundirebansa.